Asalin kalmar "multilocular"

"Multilocular" sifa ce a Turanci da ake yi wa abin da cikinsa ya rabu ɗaki-ɗaki, da shamaki tsakanin kowane ɗaki da na kusa da shi. Ba kalmar hira ba ce, a bakin likitoci da masana tsirrai aka fi jin ta.

Gaɓa uku aka haɗa, duka daga Latin. "Multi" daga "multus" ne, wato mai yawa. Ta tsakiya daga "loculus" ce, ɗan ƙaramin wuri, shi kuwa ɗan "locus" ne, ma'ana wuri. A tsohuwar Latin "stlocus" ake cewa, daga baya farkon ya zube. Wannan tushe ne ya haifi "local", "location" da "locomotive".

Tarihin ya fi armashi a kan "loculus". Rumawa na kiran akwatin kuɗi ko jaka mai aljifai da jam'insa, "loculi". Horace, mawaƙin Rum na ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ambaci 'yan makaranta rataye da "loculi" da allo a hannun hagu. Masu binciken kayan tarihi kuma da sunan suke kiran ramukan da aka sassaƙa a bangon maƙabartun ƙarƙashin ƙasa na Rum don saka gawa.

Ƙarshen "ar" daga "aris" yake. Asalinsa "alis" ne, amma idan tushen kalma na da harafin l, sai Latin ta mai da na biyun r don furuci ya yi sauƙi. Haka aka samu "solar" da "regular".

Kimiyya ce ta kai kalmar Turanci. Carl Linnaeus, masanin tsirran Sweden na ƙarni na 18, yana rarrabe 'ya'yan tsirrai da yawan ɗakunansu: "unilocularis" mai ɗaki ɗaya, "bilocularis" biyu, "multilocularis" masu yawa. Duk wanda ya yanka kuɓewa ko tumatir a kwance ya ga abin da ake nufi, kwanson wake kuwa ɗaki ɗaya ne. A asibiti ana faɗin kalmar ga ƙullutu mai ruwa wanda ya rabu aljihu-aljihu. A 1863 Rudolf Leuckart, Bajamushe, ya ba wata tsutsar ciki da ke zama a hanjin yanyawa da karnuka sunan "multilocularis", saboda ƙananan ƙulle-ƙulle masu yawa da 'ya'yanta ke yi a hanta.