Tsohuwar jif da tsatsa ta ci: amsar tambayoyin da kuke ta yi mini

Tun da na tayar da tsohuwar Land Rover ɗin nan a tsakar gidanmu a Aboabo, cikin Kumasi, ban huta ba. A ƙofar masallaci bayan la'asar, a wajen suna, har a layin mai koko da safe, tambayoyin dai su ne su ne. Ga amsoshin a wuri ɗaya. Wanda ya sake tare ni, nan zan turo shi.

Zan iya wannan aiki a gida, ni da ba fita (makaniken mota) ba?

Rabi za ka iya. Kwance kaya, wanki, kankare tsatsa, canza mai da robobi, duk naka ne. Waldar shasi, wato ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da motar a ƙasa, da gyaran birki na masu sana'a ne.

Wane launin fenti ne ya fi dacewa da ita?

Wannan tambaya tana ɓata mini rai. Ka shimfiɗa kwali ka kwanta a ƙarƙashin motar tukuna? Ka ɗauki guduma ka bi shasin daga gaba zuwa baya? Ba ka yi ba, amma kana zancen launi. Fenti shi ne na ƙarshe. Je ka duba ƙasa.

An ce Land Rover ba ta tsatsa.

Fatar jikinta ce ba ta jan tsatsa, don da alminiyam aka yi ta tun samfurin farko na 1948. Shasin kuwa baƙin ƙarfe ne, haka bangon da ya raba injin da direba, haka firam ɗin cikin ƙofofi. Inda alminiyam ya manne da baƙin ƙarfe kuma ruwa ya shiga tsakani, alminiyam ɗin kansa yana ruɓewa ya zama farin gari kamar alli. Duba ƙasan ƙofofi, za ka ga fenti ya yi ƙuraje. Land Cruiser da Pajero da Patrol kuwa jikinsu ma ƙarfe ne, sai ka duba ƙasan tabarmar ƙafa da bakin tayoyi da gefen gilashin gaba.

Na sami huji a shasi. In yi faci, ko in haƙura da motar?

To, yanzu ka yi tambaya. Amsar ba ɗaya ba ce, kuma wanda ya yanke maka hukunci bai ga motar ba, kada ka saurare shi, ko da ni ne.

Fara da wanki. Shasin irin waɗannan motoci kamar dogon akwati yake, cikinsa rami. Jan laka na shiga, ta toshe ƙananan hujin da ruwa ke fita, ta riƙe danshi damina bayan damina. Shi ya sa tsatsa ke cin sa daga ciki, kuma hujin da ido ya gani a waje sau da yawa ƙarami ne a kan ɓarnar da ke ciki. Bayan wanki ka bi shi da guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawon tsatsa na zubowa. Duk inda ka ji haka, soka sukundireba da ƙarfi.

Bara ɗan ƙanwata ya sayo wata Pajero tsohuwar shigowa daga Kanada, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Ƙasanta baƙi wul da sabon fenti, gwanin sha'awa. Na soka sukundireba kusa da inda sifirin na baya ya kama, ya shige har mariƙi. Da muka fasa wurin, fila ce, wato ƙullin da ake cike ramukan jikin mota da shi, aka cusa a kan guntun ragar sauro. Yaron nan ya zauna a kan taya ya riƙe kai, ni ma ban iya ce masa komai ba sai da aka jima.

Idan hujin ɗaya ne ko biyu, a wurin da ba ya ɗaukar nauyi, kuma ƙarfen da ke kewaye yana amsa guduma, faci ya isa. Amma a yanke ruɓaɓɓen gaba ɗaya har a kai ga ƙarfe mai sheƙi, a sa sabo mai kauri daidai da na asali, a yi walda ta zagaye. Ɗora faranti a kan tsatsa rufe ciwo ne da ƙyalle, yana ci a ƙasa. A Land Rover, sandar da ta gicciya a can baya da hannuwan da ke riƙe jikin motar ana iya yanke su a sa wasu, an saba yin haka.

Idan kuwa ruɓar ta kai wurin da sifirin ya kama, ko inda akwatin sitiyari ke zaune, ko mazaunin injin, ko kuma dogayen sandunan biyu sun yi laushi a wurare da dama, nan sai an yi tunani. Wani gwanin mai walda zai iya, wani zai ce zai iya alhali ba zai iya ba. Shasi na iya karkacewa da zafin walda in ba a auna an ɗaure shi ba, daga nan motar ta riƙa cin taya gefe ɗaya har abada. Wani lokaci neman wani shasin ya fi sauƙi da aminci, sai dai akwai lambar shasi. Ita ce a takardun motar, ita DVLA, hukumar rajistar motoci ta Ghana, ke dubawa. Kada a yanke ta, kada a yi walda a kanta, kada kuma ka canza shasi kafin ka je ofishinsu da takardunka ka ji abin da suke buƙata.

Ni dai ga ma'aunina: mota ce da za ka ɗora iyali a ciki ka kama hanyar Techiman zuwa Tamale. In zuciyarka ba ta kwanta da shasin ba, sayar da injin da giya da aksul, ka nemi wata. Ba abin kunya ba ne, ɗan'uwa.

In shafa baƙin mai a ƙasa ya kashe tsatsar?

Ba ya kashewa. Yana kama ƙura, yana cin robobi, yana kama wuta in an zo walda. Ka kankare da burushin ƙarfe, ka shafa maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, sannan fentin ƙasa, wato shafin farko da ke kama ƙarfe, sannan fenti. Cikin shasi kuma a fesa kakin hana tsatsa bayan an gama walda.

Jak kaɗai ya isa in shiga ƙarƙashi?

A'a! Motar nan ta kusa tan 2. Sa ƙafafun ƙarfe a ƙasa mai tauri, ka tare tayoyi. Kafin walda a cire batir, a sauke tanki a kai shi nesa, a kori yara daga tsakar gida. Kada in ji an ce sauri ake yi.

Ina zan sami kaya?

Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan mota a nan Kumasi. In babu, Abossey Okai a Accra. Tafi da tsohon a hannunka da lambar shasi a takarda, ka gwada a gabanka. An daina ƙera tsohuwar Land Rover Defender a 2016, amma kayanta ba su yanke ba. Land Cruiser samfurin 70 kuwa tun 1984 ake yin ta har yau, kada ka damu.

Yaushe ya kamata in yi fenti?

Ba cikin damina ba, danshin Kumasi na shiga ƙarƙashin fenti. Hunturu ya fi bushewa amma ga ƙura, sai ka kewaye wurin da leda, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka fesa da sassafe. Ƙarfen da ka kankare yau ya kwana da fentin ƙasa a jikinsa.

Injin ya shekara biyar bai tashi ba. In sa batir in murɗa?

Kada ka kuskura. Juye tsohon mai da tsohon dizal, canza matatu, ɗiga ɗan mai a cikin silinda, ka bar shi kwana biyu. Sannan ka sa sifana a babban noti na gaban injin ka juya da hannu. In ya zagaya sau biyu ba cijewa, sa batir. In ya cije, tsaya nan ka kira fita.