Mol a Lissafin Kemistiri: Tambayoyi da Amsoshi Ga Ɗaliban Sakandare

Malam, mene ne wannan mol da ake ta maimaitawa a aji?

Mol ƙidaya ce, kamar dozin. Dozin ɗin ƙwai guda 12 ne, dozin ɗin sabulu ma 12 ne, amma nauyinsu ya bambanta. Mol ɗaya na kowane abu yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02 × 10²³. Atam sun yi ƙanƙantar da ba mai iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ake ɗora abu a sikeli, nauyinsa ya gaya mana yawan ƙwayoyin da ke ciki.

Abogadro ne ya ƙirga wannan adadi?

A'a. Shi dai masanin nan ɗan Italiya ya faɗa a 1811 cewa iskoki masu cika wuri iri ɗaya, a zafi da matsi iri ɗaya, yawan ƙwayoyinsu ɗaya ne. Bayan rasuwarsa aka sa wa adadin sunansa.

To, yaya zan mayar da giram zuwa mol?

Ka raba nauyin da aka ba ka da nauyin mol ɗaya na abin. Ɗauki gishirin miya, NaCl: nauyin atam na sodiyam 23, na kulorin 35.5, jimla 58.5, wato mol ɗaya giram 58.5 ne. Idan aka ba ka giram 11.7, sai ka raba da 58.5, ka sami mol 0.2. Shi ke nan.

Me ya sa kulorin ya zo da rabi, 35.5?

Domin kulorin iri biyu ne a gauraye: mai nauyin 35, kusan kashi uku cikin huɗu, da mai nauyin 37, kusan kashi ɗaya. Matsakaicinsu ne 35.5. Babu atam mai rabi.

Ina amfanin mol idan an ba ni ikweshon?

Nan ne ɗalibai da yawa ke zubar da maki a WAEC da NECO, kuma abin yana damuna, don ba wuya ce ke kayar da su ba, gaggawa ce. Lambobin da ke gaban sinadarai a ikweshon mol suke nufi, ba giram ba.

Dubi dutsen farar ƙasa, wanda ake ƙonawa a masana'antun siminti na Kalambaina a Sakkwato da Ashaka a Gombe: CaCO₃ → CaO + CO₂. Nauyin mol ɗaya na dutsen 100 ne, wato kalsiyam 40, kabon 12, oksijin uku 48. A ce an ƙona giram 50 na tsantsarsa. Ka fara mayarwa mol: 0.5. Babu lamba a gaban kowane sinadari, wato ɗaya ake nufi. Ikweshon ya ce ɗaya na ba da ɗaya, don haka za a sami mol 0.5 na CaO, giram 28 ke nan, da mol 0.5 na CO₂, giram 22. Haɗa 28 da 22, za ka ga hamsin ɗinka ta dawo cif. Ka riƙa yin wannan gwajin kafin ka wuce. Idan kuma aka tambayi girman wurin da iskar CO₂ za ta cika a s.t.p., wato ƙayyadadden zafi da matsi da ake awo da su, mol ɗaya na cika 22.4 dm³ (dm³ ɗaya lita ɗaya ce), rabinsa 11.2 dm³.

Ƙarfin ruwan sinadari fa, irin na firaktikal?

Mol ne a raba da yawan ruwa, amma ruwan a dm³. An narka giram 4 na NaOH, wato sodiyam haidiroksaid, aka cika ruwan ya kai 250 cm³. Nauyin mol ɗaya 40 ne, kana da mol 0.1. Raba 250 da 1000 tukuna, ka sami 0.25 dm³. Amsa ita ce 0.4 mol/dm³. Wanda ya manta wannan rabawar 0.0004 zai rubuta.