Waiwaye: Daga Alkindi zuwa Nafath, yadda makullin sirri ya koma cikin waya

Duk Bahaushen da ke zaune a Makka, Madina ko Jidda ya san rayuwa ta tattaru cikin waya. Iƙama tana manhajar Absher, izinin shiga Rauda yana manhajar Nusuk, shiga shafukan hukuma kuma sai an bi ta Nafath, manhajar tabbatar da cewa kai ne. Abin da ke tsare wannan duka shi ne ilimin kulle saƙo, kuma ba jiya aka fara shi ba.

A ƙarni na 9, a Bagadaza, masanin Balarabe Alkindi ya nuna yadda ake fasa rubutun sirri da aka sauya wa haruffa. Ƙirga su kawai za a yi. A Larabci alif da lam sun fi kowane harafi yawa, don haka alamar da ta fi maimaituwa ta tona kanta. Tun daga nan masu kullewa da masu fasawa suke tsere.

Babbar matsalar da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya ita ce mabuɗi: ta yaya za ka aika wa mutum shi ba tare da an tare a hanya ba? A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman suka kawo dabarar mabuɗi biyu. Kamar ka raba wa jama'a kwado a buɗe ne, kowa ya kulle maka saƙo, amma kai kaɗai ke da abin buɗewa. Tsawon mabuɗi, wanda ake aunawa da bit, ma ya zama abin lura: iya tsawonsa iya wahalar fasa shi. Tsarin kulle saƙo na DES mai bit 56 an fasa shi cikin awa 56 a 1998, sai tsarin AES ya gaje shi a 2001 da bit 128 zuwa 256. WhatsApp ya kulle dukkan saƙonninsa daga waya zuwa waya a 2016.

Saudiyya ta ɗanɗana nata. A 2012 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Shamoon ta shafe kwamfutoci kusan 30,000 na kamfanin mai na Aramco. An kafa SDAIA, hukumar kula da bayanai da ƙirƙirarriyar basira, a 2019, aka fitar da dokar kare bayanan mutum a 2021, ta fara aiki a Satumban 2023. Wanda ya fallasa bayanai masu tsauri, irin na lafiya, da nufin cutarwa, yana iya shan ɗaurin shekara biyu ko tarar riyal miliyan uku.

Sai dai, a ganinmu, ɓarakar yanzu ba daga lissafi take ba. Kulle yana ɓoye abin da ka rubuta, amma ba ya ɓoye wa ka tura wa, da ƙarfe nawa. Irin waɗannan ƙananan bayanai, idan aka tara miliyoyi aka haɗa da wurin da waya take kwana, sun isa a gane mutum ko ba sunansa. Ajiyar hirar WhatsApp a Google ko iCloud ma ba ta samun wannan kullen sai ka shiga saiti ka kunna da kanka.

Wanda ya fi damunmu shi ne hoton iƙama da fasfo da ake jefawa cikin zaurukan 'yan gari don neman aiki ko biza. Da lambar iƙamar nan ɗan damfara zai buɗe buƙatar shiga ta Nafath da sunanka, ya kira ka da Larabci mai santsi wai daga banki ne, ya ce ka danna lamba biyun da ta fito a Nafath. Kana dannawa ka ba shi izini da hannunka. Idan buƙata ta bayyana ba kai ka nema ba, ka ƙi ta, ka kashe kiran, ka kira bankinka ta lambar da ke bayan katinka.