Girman giwa ba daga girman ƙwayoyin jikinta ba ne

An daɗe ana ɗauka cewa ƙwayoyin halittar giwa sun ninka na ɓera girma. Amma ba haka ba ne, yawansu ne ya bambanta. Jar ƙwayar jinin ɓera faɗinta kusan maikiromita 6 ne (maikiromita shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), ta giwa wajen 9 kacal.

Girman ƙwaya yana da iyaka: idan faɗinta ya ninka biyu, fatarta kan ninka 4, cikinta kuwa 8, sai abinci da oksijin su kasa isar ta. Ga kuma DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado: kwafi biyu ne ke ba da umarnin ƙera furotin. In ƙwaya ta kumbura fiye da kima, saƙon RNA, mai isar da umarnin DNA, ba ya wadatarwa, ruwan cikinta ya tsinke, ta daina rabuwa. Wasu ƙwayoyin hanta masu girma kan ƙara kwafin DNA ɗinsu zuwa 4 ko 8.