Manhaja ta mutu a tagar umarni: laifinta ne ko tsarin ne ya lalace?

Na buga `git status` a Linux, sai kawai "Segmentation fault" ya fito. Me ke nan?

Manhajar da ka kira, wato git, ta kai hannu wani sashe na ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba nata ba, shi ne kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ya kashe ta da sigina mai lamba 11. Buga `echo $?` nan take, za ka ga 139, wato 128 a tara da 11. In kuwa 135 ka gani, "Bus error" ne, kuma sau da yawa yana nufin fayil ɗin da take karantawa ya guntule ko faifai ya gaza ba ta shi.

Ba kuskuren waɗanda suka rubuta ta ba ne?

Yana yiwuwa. Amma manhajar da jiya ta yi aiki lafiya lau, yau ta faɗi ba ka taɓa komai ba, ni ba na saurin ɗora mata laifi. Gwada wasu. Idan `curl`, manhajar sauko da bayanai daga intanet, ma ta mutu, to akwai abin da suka haɗa. `ldd /usr/bin/git` zai jero maka laburaren da git take aro, wato fayilolin aiki da manhajoji da yawa ke tarayya a kansu, ka kwatanta su da na `curl`: dukansu suna jingine da libz da libc. Daga nan duba saƙonnin kanel da `sudo dmesg`, domin layin faɗuwar yakan ambaci fayil ɗin da abin ya faru a cikinsa.

Na taɓa zama gaban wata kwamfuta da batirinta ya mutu, aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta tsarin. Da aka kunna, umarni bayan umarni sai "file too short". Laburare ɗaya ne ya zama fanko, girmansa sifili.

Ta yaya zan tabbatar fayil ya lalace?

Kusan kowane kunshi, wato tarin fayilolin da ake girka manhaja ko laburare da su, yana zuwa da lambar tantance fayilolinsa. A Debian da Ubuntu, `dpkg --verify` yana kwatanta su da abin da ke kan faifai, a Fedora kuma `rpm -Va`. Inda ka ga 5 a layi, abin da ke cikin fayil ɗin ya canza. Kada fayilolin `/etc` su tsorata ka, na saiti ne, su dama ana gyara su. Amma 5 a kan laburare alamar ɓarna ce. Nemo kunshinsa da `dpkg -S`, ka sake girka shi; misali in libz ne: `sudo apt install --reinstall zlib1g`. Idan apt ɗin ma ya ƙi tashi, kunna kwamfutar daga filashi mai ɗauke da Linux ka gyara daga can.

Shi ke nan an gama?

A'a, nan ne mutane suke sakaci, kuma abin yana damuna. Me ya lalata fayil ɗin? In ɗauke wuta ne, da sauƙi. In faifai ne ke mutuwa, gobe wani fayil zai bi, wataƙila naka. Kwashe bayananka tukuna, sannan ka duba lafiyar faifan da `smartctl -a`, musamman layin Current_Pending_Sector. Kada ka saki `fsck`, manhajar gyaran tsarin fayiloli, a kan ɓangaren faifan da ke ɗaure yana aiki.

Idan kuma manhajoji suna mutuwa a wurare daban-daban kowane lokaci, alhali fayiloli lafiya suke, zargi RAM, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Bar Memtest86+, mai gwada RAM, ya kwana yana gwaji; kuskure ko ɗaya ne ya isa.

A Windows fa?

Buɗe tagar umarni da ikon shugaba (administrator), ka buga `sfc /scannow`. In ya ce ya kasa gyara wasu fayiloli, bi da `DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth`, sannan ka maimaita na farkon.