Wai mene ne wannan "fiyushan" da ya cika mana rediyo?

Ranar Juma'a da yamma ina cikin Keke Napep daga Ƙofar Ƙaura zan shiga gari, mai keken ya ƙure rediyo, sai na ji mai gabatar da shiri yana cewa yanzu zai sa mana "jaz fiyushan na okestira, sabo fil daga ɗakin haɗa waƙa". Na kasa kunne. Abin da ya fito yaro ɗaya ne da fiyano, ya danna maɓallin da ke kwaikwayon kalangu, ya ɗora wata busa a kai, aka tace muryarsa da kwamfuta har ta koma kamar ta aljani. Kalma uku aka jera, babu ɗaya da ta dace da waƙar.

Ba zan tsaya kan "jaz" da yaran da suka yi zaman Legas ke faɗi idan suna nufin asiri ba, wannan kowa ya gane wasa ne. Okestira kuwa taron makaɗa ne, sau da yawa mutum 70 zuwa 100, masu goge manya da ƙanana, masu busa, masu ganguna, kowa da takardarsa a gabansa, shugaba na tsaye da siririyar sanda a hannu yana ba da umarni. Mutum ɗaya ba ya zama okestira, kamar yadda doki ɗaya ba ya zama hawan sallah.

Fiyushan ɗin ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Asalin kalmar narkewa ce, irin yadda maƙeri ke narka ƙarfe biyu su zama ɗaya har ba ka iya raba su. Mu kuma mun mayar da ita gambiza: a zuba wannan, a yayyafa wancan. A harkar kiɗa sunan ya kama ne a Amurka wajen ƙarshen shekarun 1960, lokacin da Miles Davis, mai busa ƙaho, ya shigo da jita da fiyano masu lantarki cikin jaz, wato kiɗan nan na baƙaƙen fatar Amurka, musamman a fayafayansa na 1969 da 1970. Tun kafin nan ma ana ta ƙoƙarin aurar da jaz da okestira. George Gershwin, mai tsara kiɗa, ya gwada a 1924, wani mai tsara kiɗan, Gunther Schuller, ya raɗa wa abin suna a 1957, daga baya kuma a 1974 ƙungiyar John McLaughlin, mai kaɗa jita, ta yi faifai guda da babbar okestira ta Landan.

To me ya sa auren ke da wuya, kuma me ya sa har yau ake sauraronsa? Don dabi'unsu sun saɓa. Ɗan okestira ba ya ƙara ko ɗigo a kan abin da aka rubuta masa. Ɗan jaz kuwa, tun daga New Orleans inda kiɗan ya taso a farkon ƙarni na 20, taƙamarsa ita ce ya ƙirƙira nan take, abin da ya busa daren jiya ba shi zai busa yau ba. Bakatsine bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. Ka tuna Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ke kwance a Daura tun 1999. Masu kalangu sun riƙe kiɗa ba sa gocewa, 'yan amshi sun riƙe amshinsu ɗaya tal suna ta maimaitawa, shi kuma Shata yana yawo a sama. Ya hango wani ya shigo fili, nan take ya jefa shi cikin waƙa, ya ja baiti har ka ce ya ɓata, sai ka ji ya faɗo daidai kan amshi kamar da ma awo ya yi. Daɗin yana wurin wannan fargabar, ko zai dawo ko ba zai dawo ba. Yanzu ka ɗauka 'yan amshin nan mutum 80 ne riƙe da goge. Shi ke nan abin da ake nufi. Kwamfuta ba ta ɓata hanya, shi ya sa kiɗanta ke gundurata kafin mako ya zagayo.

Wanda ya yi narkewar da gaske ma ya zauna kusa da mu. Yusef Lateef, Ba'amurke mai busa, ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana nazarin sarewar Fulani. Shekara huɗu ya ba ta, bai danna maɓalli ba. Abin dariyar, shi mutumin nan ƙin kalmar jaz yake yi, bai yarda a kira kiɗansa da ita ba, ga namu kuma suna rububinta.

Da zan sauka na ce wa mai keken, "Malam, wannan fa kiɗan fiyano ne." Ya miƙo mini canjina ya ce, "Alhaji, ai ni duk sunan da suka sa masa, in dai zai hana ni gyangyaɗi, ya yi."