Waiwaye: Tarihin Gano Baƙin Tsirrai Masu Mamaya da Daƙile Su

Ba kowane baƙon tsiro ne ke zama annoba ba. Mafi yawan amfanin gonar da duniya ke dogaro da shi baƙo ne a inda ake noma shi, kuma dubban itatuwa da furanni sun tsallaka teku suka zauna inda aka dasa su ba tare da sun cuci kowa ba. Waɗanda ake magana a kansu a nan su ne 'yan tsirarin da idan suka sauka a sabuwar ƙasa sukan tarar babu ƙwari da cututtukan da ke taka musu birki a mahaifarsu, sai su ƙwace daga hannun mai dasawa, su cinye makiyaya, su toshe koguna, su kori tsirran asali. Rahoton da IPBES, hukumar ƙasa da ƙasa mai nazarin rayayyun halittu, ta fitar a shekarar 2023 ya ƙiyasta cewa baƙin halittu fiye da 37,000 sun kafu a wuraren da ba nasu ba, fiye da 3,500 daga cikinsu masu ɓarna ne, kuma asarar da suke jawowa ta haura dala biliyan 423 a shekara. Tarihin yaƙi da irin waɗannan tsirrai ya daɗe, kuma mafi yawansa tarihi ne na farga bayan aikin gama ya gama.

An daɗe ana ganin alamun matsalar kafin a ba ta suna. Charles Darwin ya ga yadda wata ciyawa mai ƙaya daga yankin Bahar Rum ta rufe filayen Ajantina da Yurugwai a farkon shekarun 1830, amma sai a 1958 masanin Ingila Charles Elton ya wallafa littafin da ya tattara mamayar dabbobi da tsirrai ya mai da ita fannin ilimi mai zaman kansa. A tsakanin waɗannan shekaru, gwamnatoci da masu lambuna suna ta safarar iri daga nahiya zuwa nahiya da kyakkyawar niyya: wannan don shinge, wancan don ado, wani don abincin dabbobi.

Ostareliya na cikin ƙasashen da suka ɗanɗana kuɗar abin a faɗin da ya wuce tunanin manomi ɗaya. Wani tsiro mai ƙaya da faffaɗan jiki da ake kira ofuntiya, wanda aka kawo daga nahiyar Amurka ana yin shinge da shi, ya zuwa 1925 ya mamaye kimanin hekta miliyan 24 a jihohin Kwinslan da New South Wales. An sare, an ƙone, an zuba guba, amma kuɗin share fili ya fi darajar filin kansa, har iyalai suka riƙa barin gonakinsu. Abin da ya sauya lamarin shi ne kafa hukumar haɗin gwiwa a 1920 tsakanin gwamnatin tarayya da jihohin biyu, wadda ta tura masana zuwa mahaifar tsiron don nemo maƙiyansa. Daga Ajantina suka kawo ƙwan wani ƙwaro mai suna Cactoblastis, wanda tsutsarsa ke shiga cikin tsiron ta cinye shi daga ciki. An fara sakin sa a 1926, kuma kafin tsakiyar shekarun 1930 mafi yawan wannan daji na ƙaya ya ruɓe ya zube. Ba wannan ne karo na farko da aka gwada dabarar ba, domin tun 1902 an kai ƙwari daga Meziko zuwa tsibiran Hawayi don yaƙar wani baƙon tsiro mai fure da ake kira lantana, amma nasarar Ostareliya ce ta sa duniya ta yarda cewa ƙwaro na iya yin abin da adda da guba suka kasa. Sai dai dabarar tana da nata haɗarin. An kai wannan ƙwaro tsibirin Nebis na yankin Karebiyan a 1957, ya bi tsibirai har aka gan shi a jihar Fulorida ta Amurka a 1989, inda ya koma yana cin nau'o'in ofuntiya na asali waɗanda ba su yi wa kowa laifi ba. Saboda irin wannan ne a yau ake ɗaukar shekaru ana gwada ƙwaro a killace kafin a sake shi, kuma a ganina bai kamata ƙasa ɗaya ta saki irin wannan halitta ba tare da maƙwabtanta sun sani ba, tunda idan aka sake ta ba a iya dawo da ita.

Babu tsiron da ya nuna muhimmancin aiki a matakin yanki kamar ciyawar ruwan nan mai kyakkyawan fure da masana ke kira Eichhornia crassipes, wadda asalinta kwarin Amazon ne. Tana yawo a saman ruwa kamar kainuwa, sai dai ita ba dashen Allah ake ce mata ba, domin hannun mutum ne ya kai ta kusan ko'ina saboda sha'awar furenta. Ana danganta shigarta Amurka da wani baje koli da aka yi a New Orleans a 1884, kuma kafin ƙarshen ƙarnin ta hana jirage wucewa a kogunan Fulorida da Luwiziyana. A yanayi mai kyau tana ninka faɗinta cikin kimanin mako biyu, iri nata kuma yakan kwanta cikin laka har shekara ashirin yana jiran dama. Ta mamaye Kogin Kwango a farkon shekarun 1950, ta bayyana a Farin Nilu na Sudan a ƙarshen shekarun, inda aka shafe shekaru ana feshin maganin kashe ciyawa don kada ta wuce madatsar Jabal Awliya. A 1984 ta shigo ruwayen Legas daga ɓangaren Jamhuriyar Benin, daga baya kuma ta bayyana a Kogin Neja.

Labarin Tafkin Biktoriya ya cancanci a tsaya a kansa. An fara lura da ciyawar a tafkin a ƙarshen shekarun 1980, kuma Kogin Kagera ne ke kwaso ta daga tsaunukan Ruwanda yana zubawa a ciki dare da rana. Cikin shekara goma ta rufe dubban hektoci, ta toshe tashar jiragen ruwa ta Kisumu, ta hana masunta fita, ta riƙa cushe mashigar ruwa ta tashar lantarki da ke Jinja. Yuganda, Kenya da Tanzaniya kowace ta fara da nata ƙoƙarin, da injinan kwasa da hannun mutane, amma iska kan ɗauki tarin ciyawar daga gaɓar wata ƙasa ta kai ta gaɓar wata cikin 'yan kwanaki, don haka wanda ya share nasa yau gobe sai ya wayi gari da na maƙwabci. An saki ƙwari biyu masu dogon baki na jinsin Neochetina, Yuganda a 1995, Kenya kuma a 1997, aka koya wa al'ummomin bakin tafki kiwon su a cikin tankuna suna zubawa da kansu, sannan ƙasashen uku suka shiga shiri ɗaya na kula da muhallin tafkin da tallafin Bankin Duniya. Mamayar ta kai ƙololuwa a wajen 1998, sannan ta faɗi warwas cikin shekara biyu. Masana sun yi muhawara kan ko ƙwarin ne suka yi aikin ko ruwan sama mai yawa na sauyin yanayin da ake kira El Nino a 1997 da 1998 da ya tayar da igiyoyi ya farfasa tarin ciyawar, kuma mai yiwuwa kowanne ya taka rawa. Abin da ba a muhawara a kansa shi ne ciyawar ta sake dawowa mashigin Winam na Kenya sau da dama bayan haka, domin takin gonaki da dattin birane ba su daina kwarara cikin tafkin suna ciyar da ita ba, kuma mafarin matsalar yana can sama a ƙasashen da ba su cikin shirin na farko.

Akwai kuma tsirran da hukumomi da kansu suka yaɗa. Bishiyar Prosopis juliflora, 'yar'uwar ƙirya daga nahiyar Amurka, an kai ta Sudan a 1917, daga baya kuma ayyukan yaƙi da hamada na shekarun 1970 da 1980 suka dasa ta a Habasha, Kenya da ƙasashen Sahel, saboda tana jure fari tana ba da itace. Dabbobi suka ci 'ya'yanta suka baza irin a kashinsu duk inda suka bi, har ta zama ƙurmin ƙaya a bakin koguna da wuraren kiwo na rani. Sudan ta ba da umarnin kawar da ita a 1995. A yankin Afar na Habasha bincike ya nuna ta rufe fiye da hekta miliyan 1, kuma a 2006 mutanen Baringo na Kenya suka kai gwamnati kotu, har suka gabatar da akuyar da haƙoranta suka zube saboda cin 'ya'yan bishiyar. Wahalar wannan bishiya ita ce mai yin gawayi yana ganin ta arziki, makiyayi kuma yana ganin ta masifa, kuma duk shirin da bai sasanta waɗannan biyun ba yakan tsaya a takarda.

Daga shekarun 1990 tunani ya fara juyawa daga yaƙi da abin da ya riga ya mamaye zuwa tare hanya. Yarjejeniyar kare rayayyun halittu da aka ƙulla a birnin Riyo na Brazil a 1992 ta ɗora wa ƙasashe nauyin hana shigowar baƙin halittu masu ɓarna da daƙile su. Niyu Zilan ta yi dokar tsaron halittu a 1993, Ostareliya kuma ta fara amfani a 1997 da wani ma'auni mai tambayoyi 49 da ake auna kowane sabon tsiro da shi kafin a yarda ya shigo. Bincike biyu sun ƙarfafa wannan sauyi. Na farko, wanda Ingo Kowarik ya yi a yankin Brandenburg na Jamus, ya nuna cewa baƙin itatuwa kan shafe matsakaicin shekara 147 tsakanin dasa su da fara bazuwarsu, ma'ana tsiron da ke zaune lafiya a lambu yau ba shaida ba ce cewa haka zai dawwama. Na biyu, na Marcel Rejmánek da Michael Pitcairn a Kalifoniya a 2002, ya duba ayyukan kawar da ciyayi ya gano cewa idan mamayar ba ta kai hekta ɗaya ba galibi ana iya gamawa da ita, idan tana tsakanin hekta 1 da 100 kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka yi nasara, daga nan kuma sai dama ta ci gaba da raguwa kuɗi yana hawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan lissafi ya gaskata karin maganar.

Afirka ta Kudu ta kafa shirin Working for Water a 1995, wanda ya ɗauki dubban marasa aiki suna sare baƙin itatuwa da ke shanye ruwan koguna. Shirin ya share filaye masu yawa, amma masanan ƙasar da kansu sun nuna cewa a wurare da dama mamayar ta ci gaba da faɗaɗa saboda an raba ƙarfi a kan nau'o'i da yawa, shi ya sa a 2008 aka kafa sashe na musamman don gano sababbin baƙi da wuri. Tarayyar Turai ta kai abin matakin doka guda ga dukkan ƙasashenta da dokar 1143 ta 2014, wadda ta haramta sayarwa da safarar halittun da ke cikin jeri ɗaya, ta kuma wajabta wa ƙasar da ta ga sabon baƙo ta sanar da sauran nan take, ta fara aikin kawar da shi cikin wata uku. Jerin farko na 2016 ya ƙunshi nau'o'i 37, ciki har da ciyawar Amazon, wadda tun 2004 take addabar Kogin Guadiana na Sifen ana fargabar ta gangara Fotugal.

Kayan aikin gani ma sun sauya. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, da aka fara ɗauka a 1972, sun zama kyauta a 2008, Sentinel-2 kuma da aka harba a 2015 yana nuna ƙasa da ƙwayar hoto mai faɗin mita 10 kowane 'yan kwanaki. Da su ake zana taswirar tarin ciyawa a kan tafki, ko ƙurmin bishiyar da ke kore shar a lokacin da komai ya bushe. Amma ya kamata a faɗi gaskiya: abin da tauraro zai iya gani ya riga ya girma. Tsiro goma a bakin hanyar mota, ko a wurin sauke hatsi, ko a ƙarƙashin inuwar daji, idon masunci da makiyayi da malamin gona ne ke fara ganin su. Wannan ya sa aka ƙirƙiri rumbunan bayanai irin su EDDMapS, wanda Jami'ar Jojiya da ke Amurka ta buɗe a 2005, inda kowa zai iya aika hoto da wurin da ya ga tsiron, ƙwararru su tantance. Rahoton ba shi da amfani idan babu wanda aka ɗora wa alhakin fita da ma'aikata da kuɗi a cikin makon da ya iso, kuma a nan ne yankuna da yawa ke da rauni.

A 2022 ƙasashe suka amince a birnin Montreal na Kanada cewa za su rage shigowa da kafuwar baƙin halittu masu ɓarna da rabi kafin 2030. Abin da ke damuna game da irin wannan alkawari shi ne ayyukan tallafi kan ƙare cikin shekara uku zuwa biyar, iri kuma yana kwance a ƙasa shekara goma ko ashirin. Ga misalin dogon lokacin da aikin ke ɗauka: a 1956 aka gano wani nau'in ƙuduji a gonakin masarar jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka. Hukumomin tarayya da na jihohin biyu suka killace yankin, suka hana fitar da ƙasa da kayan noma ba tare da dubawa ba, suka riƙa cusa iskar etilin cikin ƙasa don ta yaudari irin ya tsiro inda babu masarar da zai maƙale wa ya mutu, har ma suka riƙa ba da tukuici ga wanda ya nuna sabon wuri. An rage filin da abin ya shafa da kusan kashi 99 cikin 100, kuma bayan fiye da shekara sittin ana ci gaba da zagaya sauran gonakin kowace damina.